Masu Faɗuwa a Hankali

Turawa suna kiransa tsalle, mu ma muka ara muka ce tsallen kan dusar ƙanƙara, amma tsallen da ke cikinsa bai fi wanda yaro ke yi ya haye kwatar ƙofar gida ba. Ga wanda bai taɓa cin karo da shi a waya ba, ga yadda yake. Mutum zai hau doguwar hasumiya a gefen tsauni, ya ɗaura wa kowace ƙafa siririn allon da ya fi shi tsawo, ya zauna a kan wani katako yana jiran kocinsa ya kaɗa tuta daga can gefe. Da an kaɗa sai ya saki katakon, ya duƙa, ya sulalo a kan layi biyu na ƙanƙara har gudunsa ya kai wajen kilomita 90 a awa. A ƙarshen layin hanya ta yanke. Daga nan sai iska. In abin ya yi kyau zai dira mita 130 ko 140 daga inda hanyar ta yanke, a tsaye kan ƙafafunsa. A tuddan da suka fi kowanne girma kuwa, irin na Planica a Sulobeniya da na Vikersund a Nowe, ana wuce mita 240. Filin ƙwallo biyu ke nan a jere, har da ɗoriya.

Yawancin masu kallo sukan ɗauka bakin hanyar nan ya ɗaga sama ne, yana cilla mutum kamar gwafa. Alhali bakin ƙasa yake kallo, da wajen digiri 10 ko 11. Ƙarfin da ɗan wasan ke sawa ya miƙe, in da a tsakar gida ya yi shi, bai kai ya ɗaga shi rabin mita ba. Wato tun daga lokacin da ya bar bakin nan ƙasa yake yi. Faɗuwa yake yi, tudun da ke ƙarƙashinsa ma yana gangarawa tare da shi, kuma duk gwanintar wasan ita ce a jinkirta haɗuwarsu.

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, kuma ɗan tela. Shekara biyu na yi a Krakow ta ƙasar Folan ina ƙaro karatu, a can kuwa ba a tambayar mutum ko yana son wasan nan. Da sanyi ya shigo, ranar Asabar da Lahadi shi ne a talabijin ɗin kowane gida. Wani Adam Małysz ne ya jawo haka, mutumin garin Wisła wanda aikin rufin gida ya koya tun farko, ya zo ya ci kofin duniya na wasan sau huɗu tsakanin 2001 da 2007. Cikin wata Janairu abokan karatuna suka ja ni zuwa Zakopane, wajen kilomita 100 kudu da Krakow, inda tudun Wielka Krokiew yake tun 1925. Muka samu wuri a gefen gangaren, ba can ƙasa inda jama'a suka fi cika da tutoci da ƙahonni ba.

Daga gefe abin ya sha bamban da na talabijin. Kyamara takan bi mutum ta baya ko ta ƙasa, sai ka ga kamar yana cikin gajimare. Da ido kuwa, tsakaninsa da dusar bai fi tsawon katangar gida ba. Yana bin gangaren ne kamar shirwar da ta hango ɗan tsako. Abin da ya fi zama mini a kai shi ne ƙarar. Kafin ka gama juyo da kai za ka ji wani "fiiii" mai kauri ya wuce ka, irin ƙarar da sabon yadi ke yi idan mahaifina ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi ya yage sauran da hannu. Iska ce take gogar riga da alluna.

A aji, duk lissafin jifa da muke ba yara yana zuwa da sharaɗi guda: a yi watsi da turjiyar iska. Da haka muke samun amsa mai tsafta, yara su ci jarrabawa. To bari mu gwada shi a nan. Dutsen da aka saki daga sama, cikin sakan 4 da rabi zai faɗo wajen mita 100. Ɗan wasan da ya yi wannan lokacin a sama a tudu irin na Zakopane, abin da ya sauko mita 60 ne da 'yan kai. Sauran mita talatin da wani abin nan, iskar da muke cewa a yi watsi da ita ce ta riƙe su. Da babu ita da tuni ya daki ƙasa tun can saman gangaren. (Da Hausa ta bar ni da na kira su 'ya'yan iska, amma mai karatu ya san inda maganar za ta kai mu.)

Sai dai kafin iska ta karɓi mutum, sai jikinsa ya miƙa mata shi yadda take so, kuma a nan ne wahalar take. Yayin sulalowa ɗan wasan yana duƙe ne, ƙirjinsa a kan cinyoyinsa, bayansa a shimfiɗe, hannayensa a baya, domin a wannan matakin iska abokiyar gaba ce, so yake ya ratsa ta ba tare da ta ji shi ba. Kusa da ƙarshe hanyar takan lanƙwasa daga gangare mai tsanani zuwa kusan kwance, kuma lanƙwasar nan tana danna shi ƙasa, nauyin da ƙafafunsa ke ɗauke da shi ya ƙaru da fiye da rabi. Yana fita daga wannan dannawar sai ga bakin, ɗan miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 6 ko 7. A gudun mita 25 cikin sakan ɗaya, zai cinye shi cikin abin da bai kai sulusin sakan ba. A cikin wannan ƙiftawar idon ake so ya warware gwiwa da ƙugu, ya gama miƙewa daidai lokacin da ƙafarsa ke barin baki. Ba zai wurga hannu sama kamar mai tsallen ƙwallon kwando ba, don iska za ta kama hannun. Takalmin ma mai tauri ne, dogo har ƙwauri, ba ya barin idon sawu ya taimaka sosai. Aikin duk na cinya ne da ɗuwawu.

Ku duba lissafin kuskure a nan. Wanda ya makara da kashi 4 cikin 100 na sakan, ya riga ya wuce bakin da mita guda, iska yake takawa. Wanda ya yi gaggawa da haka kuma ya gama ƙarfinsa tun bai iso ba. A gasar Olamfik ta 1994 a Lillehammer, tawagar Jafan tana gaba da tazara mai kyau, saura mutum ɗaya, Masahiko Harada. Tsallen da ya saba yi kullum ya isa ya kawo musu zinare. Miƙewarsa ba ta zo daidai da baki ba, ya dira a mita 97.5, Jamus ta ɗauke zinaren, shi kuma ya durƙushe a cikin dusa ya rufe fuska. Bayan shekara huɗu, a gida, a gasar Nagano, mutumin nan dai ya yi mita 137 suka ci zinaren. Ƙafafun su ne, cinyoyin su ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Bahaushe. Shi kam shekara huɗu ya yi kafin ya fito.

Akwai abu na biyu da ake so a bakin nan wanda ya fi na farkon ban tsoro. Miƙewar ba ta sama kai tsaye ba ce. Dole mutum ya tura jikinsa yadda zai fara wuntsilawa gaba, kai ya riga ƙafa. Dalili kuwa, da zarar allunan sun bar ƙanƙara iska za ta daki ƙasansu ta ɗaga bakinsu sama, tana neman ta kifar da shi ta baya. Juyin gaban da ya ɗauko daga baki da juyin bayan da iska ke ba shi, su ne za su kashe juna cikin wajen rabin sakan, sai ya samu kansa a kwance a kan iska, haɓarsa tana neman bakin allunan. Idan juyin gaban ya gaza, zai tsaya a miƙe kamar ƙofa, iska ta taka masa birki. Idan ya yi yawa, iska ta hau saman allunan ta danna su ƙasa, sai kai ya fara isa. Haka ya faru da Daniel-André Tande na Nowe a Planica cikin Maris 2021, ya kwana huɗu ko kusa da haka ba ya cikin hayyacinsa a asibiti. Ya warke, ya kuma koma ya hau hasumiyar. Duk ɗan Adam da aka kai bakin rami, baya jikinsa ke ja. Waɗannan tun suna 'yan shekara shida ko bakwai ake koya musu, a kan 'yan tuddai masu mita 10 da 15, su riƙa miƙa wa ramin fuska.

Yadda iskar ke riƙe mutum kuwa, duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota a hanya ya san shi. Shimfiɗa tafin a kwance, iska ta wuce. Ɗan karkata shi, sai ka ji ana ɗaga hannun sama, ana kuma jan sa baya. Ƙara karkatawa, ɗagawar ta ragu, jan bayan ya yi yawa. Ƙarfin duka biyun ya dogara da faɗin abin da ka miƙa, da kaurin iskar, da kuma gudu, wanda shi ne uban tafiyar: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa a wannan wasan iskar da ke bugo fuska ita ce alheri, don tana ƙara gudun iskar da ke ratsa jiki. Ta baya kuwa, wadda mai keke ke addu'ar samu, ita ke jefar da ɗan wasa tun bai je ko'ina ba. Abin ya yi tasiri har tun wajen 2010 ake dasa na'urorin auna iska a gefen tudu, a rage wa wanda ta bugo ta gaba maki, a ƙara wa wanda ta turo ta baya. Mu mun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Su kayan karan suke nema, su ɗauka da gangan.

Ba wai sun zama tsuntsaye ba ne fa. Jirgin nan mara inji da ake shawagi da shi yakan yi gaba mita 40 ko fiye kafin ya sauko mita ɗaya. A jikin ɗan wasa, ƙarfin da ke ɗaga shi da kaɗan ya fi wanda ke jan sa baya. Jikin ɗan Adam mugun fiffike ne. Tarihin wasan kaf ɗinsa, tun daga mita 9.5 da wani hafsan soja Olaf Rye ya yi a Nowe a 1808, ƙoƙari ne na rage munin fiffiken nan.

Na farko a tsaye suke tafiya, suna wulwula hannu kamar mai neman faɗawa ruwa. A shekarun 1920 mutanen Nowe, irin su Jacob Tullin Thams da ya ci zinaren farko na Olamfik a 1924, suka fara karyewa a ƙugu suna miƙa hannu gaba. Da irin wannan salon Sepp Bradl na Ostiriya ya fara haye mita 100 a Planica a 1936. A cikin shekarun 1920 ɗin nan dai wani injiniya ɗan Siwizalan, Reinhard Straumann, ya kai mutum-mutumi ɗakin gwajin iska a Göttingen ta Jamus, ya auna, ya ce mutum ya kwanta gaba sosai ya zama kamar fiffike. Sai a shekarun 1950 wani ɗan ƙasarsu Andreas Däscher ya mayar da hannayensa baya ya manne su da cinya, kowa ya bi. Kamfanin da ke ɗauke da sunan Straumann yau haƙoran dashe yake ƙerawa, abin da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna da wace irin faɗuwa ake yi a wasan.

Duk da waɗannan sauye-sauyen, abu ɗaya bai motsa ba: allunan biyu a haɗe suke, a jere, kamar layin dogo. Shi ne kyau, shi alƙalai ke ba wa maki. Domin a wasan nan nisa kaɗai ba ya ci. Akwai alƙalai biyar, kowanne yana ba da maki har 20 a kan tsarin tafiya da dira, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a tara ukun tsakiya a kan makin nisa.

Sai ga Jan Boklöv, wani saurayi daga can arewacin Suwidin, wanda ba wani gwani ba ne a lokacin. Wajen 1985 ya fara buɗe bakin allunansa, dugadugansu a kusa da juna, bakinsu a ware kamar harafin V. Kafin shi an samu masu yin kusan haka, har da wani yaro a Folan mai suna Mirosław Graf tun 1969, amma ba wanda ya nace kamar Boklöv. Alƙalai suka ce wannan muni ne, suka riƙa yanke masa maki a kowane tsalle. Aka yi masa dariya. Shi kuma ya riƙa dira can gaba da kowa, har nisan ya biya tarar ya bar riba. A kakar 1988 zuwa 1989 ya ɗauke kofin duniya sukutum. Zuwa Olamfik ta 1992 a Albertville, duka zinaren ɗaiɗaiku biyu da salonsa aka ci su, ɗaya a hannun Ernst Vettori, ɗayan a hannun Toni Nieminen na Finlan, yaro ɗan shekara 16. Bayan shekara biyu Nieminen ɗin nan ya zama na farko da ya wuce mita 200 ya kuma tsaya da ƙafarsa.

Sirrin ba mai wuyar gani ba ne, da zarar an nuna maka. Idan allunan suna haɗe a ƙarƙashin mutum, su ke karɓar iskar, ƙirji da ciki suna ɓoye a bayansu ba sa aikin komai. Idan aka ware su, jiki ya faɗo tsakaninsu ya karɓi tasa iskar, allunan kuma suna karɓar tasu a dama da hagu. Faɗi ya ƙaru ba tare da an ƙara ko allura ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne shekarun da aka yi ana ganin allunan wani sun buɗe bisa kuskure, ana ganin ya yi nisa, ana cewa ya ɓata tsalle. Ina bayan Boklöv a rigimarsa da alƙalai. Amma ba na cikin masu cewa a soke makin kyau gaba ɗaya, saboda dirar. Ana so mutum ya dira ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannaye a buɗe, salon da ake kira da sunan yankin Telemark na Nowe. A gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, wanda ya iya wannan ya nuna shi ya kawo kansa wurin, ba jefo shi aka yi ba. Dukan da ƙafa ke sha a dirar bai kai yadda ake zato ba, don gangaren an sassaƙa shi ne ya bi layin faɗuwar, mutum yana haɗuwa da shi a goge. Haɗarin yana can ƙasa inda tudun ya fara kwanciya. Shi ya sa in aka ga ana yin nisa da yawa sai a sauko da katakon farawa, a rage gudu.

Da wannan dirar aka daɗe ana fakewa ana hana mata. A 2005 shugaban hukumar wasan ta duniya na lokacin, Gian Franco Kasper, ya ce a likitance abin bai dace da jikin mace ba. Sai a 2014, shekara 90 bayan maza, aka bar su suka shiga Olamfik, Carina Vogt ta Jamus ta ci. A Maris 2025 Nika Prevc ta Sulobeniya ta yi mita 236 a Vikersund. Bayan mako biyu yayanta Domen ya yi 254.5 a Planica. Iska ba ta tambayi ɗayansu ko mace ne ko namiji ba. Tambayoyinta biyu ne: nawa ne faɗinka, nawa ne nauyinka.

Nakan nuna wa ɗalibaina irin waɗannan bidiyon a wayata idan muka zo darasin turjiya. Wata rana wata yarinya da ke zama a layin gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa dukkansu ramammu ne?"

Amsar tana kan allo, ni na rubuta ta da hannuna minti biyar kafin nan. Ƙarfin da iska ke bayarwa bai san nauyin mutum ba. Mutum biyu masu faɗi ɗaya, ɗagawa ɗaya za su samu, amma wanda ya fi sauƙi ita za ta fi tasiri a kansa. Kilo guda na iya zama mita guda ko fiye a babban tudu, kuma ana cin gasa da rabin mita. Kafin salon V ƙarfin cinya yana da babban rabo. Bayan shi, da iska ta karɓe yawancin aikin, sai wasan ya koma na marasa nauyi. Cikin shekarun 1990 aka fara ganin samari masu tsawon mita 1.80 da nauyin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, aka fara jin labarin cutar ƙin cin abinci a sansanonin horo. A Folan har yau ana raha da burodi da ayabar da aka ce su ne abincin Małysz ranar gasa. Na yi dariyar tare da su a lokacin. Da yarinyar nan ta yi tambayarta, rahar ba ta zo mini da daɗi ba.

Wani masanin kimiyya a Graz ta Ostiriya, Wolfram Müller, shi ya auna 'yan wasan ya kuma nuna da lissafi inda abin ya dosa. A 2004 hukumar ta kawo doka mai wayo. Allon mutum ba zai wuce kashi 146 cikin 100 na tsawonsa ba (daga baya aka mayar da shi 145), kuma ba zai samu cikakken tsawon ba sai nauyinsa ya kai wani mizani da ake fitarwa daga nauyi da tsawo, wanda daga baya aka ɗaga shi zuwa 21. Mai tsawon mita 1.80, alal misali, sai ya kai kilo 68 kafin a ba shi allo mai mita 2.61. In ya gaza, a rage masa allo. Wato wanda ya rage nauyi, a rage masa faɗi. Dokar ta taimaka, ba na musu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Olamfik ta 2010 Simon Ammann na Siwizalan ya zo da wani lanƙwasasshen ƙarfe a maɗaurin dunduniya wanda ke sa allunan su kwanta sosai a kan iska maimakon su karkace, ya ci zinare biyu, kowa ya kwaikwaya. Da allo ya fara aiki haka, sai wasu suka ga gara su karɓi gajeren allo su ci gaba da zama da yunwarsu.

Maren Lundby ta Nowe ta ci zinaren Olamfik a 2018, ta zama zakarar duniya a babban tudu a 2021. Cikin Oktoban shekarar ta fito a talabijin tana hawaye ta ce ba za ta shiga kakar ba, har da Olamfik ta Beijin, domin jikinta ya canza kamar yadda jikin mace ke canzawa, kuma ba za ta matse shi ta koma nauyin da wasan ke nema ba. Ba rauni ta ji ba, ba kuma wani ne ya kayar da ita ba. Ina son wasan nan, har yanzu nakan ƙona data a kansa duk lokacin sanyi. Amma na kasa raba kyan da nake gani a sakan biyar ɗin nan da farantin da aka ture kafin a same shi, tunda layin lissafi ɗaya ne ya haifi duka biyun. Mu da muke azumi mun san yunwar da ke da magariba. Wannan ba ta da ita sai ranar da mutum ya yi ritaya.

Saura ɗaya ɓangaren, wato faɗi, kuma a nan ne ɗan tela ya fi malamin fiziks jin maganar. Tunda an ƙayyade allo, abin da ya rage a faɗaɗa shi ne riga. Rigar wasan guda ce daga wuya har idon sawu, ta wani yadi mai kauri kamar soso. Dokokinta sun fi na kowace riga da na sani tsanani. Dole iska ta iya ratsa yadin, aƙalla lita 40 a kowane murabba'in mita cikin sakan ɗaya, don kada ta zama lema. Dole ta bi jiki, sakinta kada ya wuce 'yan santimita, 2 zuwa 4 a yawancin wurare. Ana auna jikin 'yan wasa da na'ura, ana manna wa rigunan 'yan ƙananan na'urorin shaida don kada a musanya. Inda aka fi sa ido kuwa shi ne hantsa. Idan mutum ya ware ƙafafu a sama, yadin da ke tsakanin cinyoyinsa yakan baje kamar fatar fiffiken jemage, kuma kowane santimita a wurin mita ne a ƙasa.

A gasar duniya ta Trondheim cikin Maris 2025, wani ya ɗauki bidiyo a ɓoye ta taga: ga keken ɗinki, ga mai kula da kayan tawagar Nowe yana aiki a kan rigar da aka riga aka tantance, ga babban kocinsu yana wurin. Bayan gasar babban tudu aka farke rigunan Marius Lindvik da Johann André Forfang, aka samu an cusa wani abu mai tauri a cikin ɗinkin da ya nufi hantsa. Aka kore su, Lindvik ya rasa azurfar da ya ci a ranar. Washegari shugaban tawagar ya zauna gaban 'yan jarida ya amsa cewa sun yi maguɗi. Nowe fa, ƙasar da ta haifi wasan, a gidanta, a gaban jama'arta.

Da na je gida hutu na kai wa mahaifina bidiyon a shago. Shekararsa arba'in yana ɗinki, kuma ya sha gaya wa yaransa cewa kowa na iya ɗinka ƙafar wando, a hantsa ake gane tela. Ya ɗaga tabarau, ya karɓi wayar, ya sa na maimaita masa sau biyu. Ban gaya masa abin da aka samu ba.

Ya ce, "Ai wannan ba yadi yake ƙarawa ba. Farkewa ya yi zai sa wani abu a ciki ya mayar. So yake ta tsaya, kada ta lanƙwashe."

Na ce, "Haka ne, Baba. In ya buɗe ƙafa sai ta ɗaure kamar tanti."

"To da ya bar masa yalwa mana tun wajen yanka."

Na ce doka ta hana, na gaya masa iyakar abin da aka yarda a bari. Ya jawo tef daga wuyansa, ya sa farcen babban yatsa a kan santimita 4, ya miƙa shi nesa da ido yana dubawa.

"Wannan? A kan wannan aka kori mutum?" Ya mayar da tef ɗin wuya, ya jawo wandon da yake kai. "Ni ko a wandon sallar yaro na fi haka bari, don ya girma ya tarar da shi."